Bayan Ritaya, Ina Za A Sauke Kaya?

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya nemi a sakaya sunansa. Shekarunsa 59, ya kama aiki a 1991, kuma saura wata 10 ya cika shekara 35 da doka ta yanke wa ma'aikaci. Ya fi shekara 20 yana zaune da iyalinsa a gidan haya a Mararaba, kusa da Abuja. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a kudancin jihar Katsina, kusa da Funtuwa, inda mahaifiyarsa mai shekara 80 da 'yan kai take zaune tare da ƙaninsa a gidan gadon da ba a raba ba, kuma ta ce ba za ta bar ɗakinta ba. Shi yana son ya koma gida ya gina fulotinsa ya kama noma. Uwargidansa, wadda take koyarwa a Islamiyya tana kuma sayar da atamfa da turaren wuta, ta ce ita kam ba inda za ta. Babban ɗansa yana matsa masa ya koma Kano ya zuba kuɗin sallamarsa a kasuwa. Yana fama da hawan jini da ciwon suga, yana da ɗiya a Jami'ar Ahmadu Bello, da yara biyu a sakandare, ɗaya a aji biyar. Ya rufe da cewa: "Barci ya ƙaurace mini. Ina ya kamata in zauna?"

Malam, amincin Allah ya tabbata a gare ka, kuma Allah ya sa ka ajiye wannan aiki lafiya kamar yadda ka ɗauke shi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka raba shafukanta. Mararaba ka ba ta layi biyar, duk na ƙorafi a kan cunkoson hanyar Nyanya da kuɗin haya. Kano ka ba ta layi uku. Ƙauyenku kuwa ka ba shi shafi biyu cur, amma kusan duk abin da ka rubuta a kansa da "a da" ya fara: rafin da kuke wanka kuna yara, gayyar da ake yi a gonar mahaifinka, hirar dandali a farin wata. Abin da ka faɗa game da garin a yau jimla ɗaya ce, cewa yanzu an ɗan samu sauƙin matsalar tsaro. Ban ga laifinka ba, domin son mahaifa halitta ce, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Makka ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai bar ta ba. Sai dai wanda zai kwashi iyali da ɗan abin da ya tara a shekara 35 yana buƙatar ya san garin da zai sauka a cikinsa bana, domin wanda yake tunawa ya riga ya tashi tare da mutanen da suka raya shi.

Ka ce duk shekara kana zuwa gida da Babbar Sallah. To, garin da mutum yake gani da Sallah gari ne na aro: 'yan Legas sun dawo, 'yan ci-rani sun dawo, zaure ya cika, ana ta shigo maka da kwanukan tuwo da nama, kowa yana cewa sannu da zuwa mutanen Abuja. Ina so ka kwatanta wata Talata ta tsakiyar watan Agusta a maimakon haka. An idar da sallar asuba an gaisa, kafin hantsi duk mai ƙarfi ya saɓa fartanya ya nufi gona, an bar ka da tsofaffi biyu ko uku a gindin darbejiya. An yi zancen taki, an yi na ruwa, an yi na wanda aka sace a garin gaba da abin da aka biya, kafin azahar zance ya ƙare, kuma gobe ma haka za a yi. Mutumin da ya saba tashi kafin asuba don ya riga gosulo, yana da tebur da mutanen da suke jiran sa hannunsa, wannan shirun yakan yi masa daɗi wata guda, daga nan sai ya fara cin sa. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen sa'o'inka goma da kuka yi makarantar allo tare, ka yi alama a gaban wanda yake raye kuma yake kwana a garin. Idan sun kai huɗu, kana cikin masu sa'a.

Zancen tsaro kuma ya fi ƙarfin jimla ɗaya. Ka fi ni sanin abin da yankinku ya gani: a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma a Satumbar 2021 abin ya kai ga rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa kanta. Gaskiya ne an yi sulhu a wurare da dama, muna roƙon Allah ya ɗorar da shi, amma an taɓa yin sulhu a 2019 ya warware. Ban da wannan, matsayinka ba ɗaya ba ne da na ƙaninka da bai taɓa barin garin ba. Shi an san iyakar rumbunsa. Kai kuwa, tun kafin motar kayanka ta sha kwanar garin labari ya riga ta isa cewa ɗan Abuja ya dawo da kuɗin sallama, kuma a bakin masu kai rahoto kuɗin nan sai sun ninka sau goma. Sabon gida mai jan kwano da ƙofar ƙarfe a tsakiyar gidajen ƙasa sanarwa ce da ba ta buƙatar mai shela, kuma ina tsoron kada dawowar da ka yi niyya don kula da Inna ta zama ita ce za ta jawo ido a kanta da kan 'ya'yanka.

Na san wani dattijo, mun yi maƙwabtaka shekaru, wanda ya yi abin da kake shirin yi. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi garinsu ya gina ɗaki shida da falo biyu, ya sa tayil har a tsakar gida. Damina ɗaya ya yi a ciki. Da na raka shi ganin gidan bayan shekara uku, wani ɗan ɗan'uwansa ne ya zo da makullai a cikin leda, muka sha fama kafin kwaɗon ya buɗe saboda tsatsa. Kujerun suna nan da ledarsu ba a ɓare ba, gara ta ci ƙofar ɗakin girki, jemagu sun mamaye silin, ɗakin da ya ware wa baƙi kuma an cika shi da harawar wake. Ya tsaya a tsakiyar falon ya daɗe bai ce uffan ba. A lokacin yana hayar ɗaki biyu a birni daga fanshon da ba ya isar sa, kuma ya sa gidan a kasuwa babu wanda ya taya, domin duk mai kuɗin da zai iya sayensa a garin shi ma hanyar fita yake nema.

Sai zancen jikinka, wanda ka ambata kamar abin da ba shi da ruwa da tambayar, alhali yana tsakiyarta. Hawan jini da suga abokan zama ne masu buƙatar awo a kai a kai, da magani na ƙwarai da ba ya yankewa, da likitan da ya san fayil ɗinka, sannan idan shekaru suka ƙaru, da duba ido da ƙoda da ƙafa. Idan aka kai ga allurar insulin, ita kuma sanyi take so, wato firji da wutar da za ta riƙe shi. Ka tambayi kanka, idan ƙarfe biyun dare suga ya faɗi, ko jini ya hau har baki ya karkace, wa zai tayar da mota, ta wace hanya za a bi, kuma minti nawa za a yi kafin a ga likita? Shanyewar ɓarin jiki ciwo ne da sa'o'in farko suke da matuƙar muhimmanci a cikinsa, kuma a ƙauyuka da yawa na yankinku babu direban da zai yarda ya hau hanya bayan isha'i ko nawa za a ba shi. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ka kuma bincika tun yanzu ko katin inshorar lafiyar ma'aikata, wanda yake ɗaukar ka da uwargida da 'ya'ya har huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, zai ci gaba bayan ka ajiye aiki.

Noma kuwa ban hana ka ba, kuma ƙasar Funtuwa ƙasar masara ce da dawa da waken suya da auduga. Amma noman mai shekara 60 na aljihu ne, daga shanun huɗa ko tarakta zuwa iri da taki da maganin feshi da 'yan ƙwadago, kuma ka ga yadda masara ta yi tsada a 2024 mutane suka ruga gona, sannan farashinta ya faɗi a 2025 alhali taki bai sauko ba. Irin wannan noman ana fara shi da eka biyu ko uku, da amintaccen mutum a wurin, kai kuma kana leƙawa mako-mako. Ba sai ka kwana a bakin gona ba.

Yanzu bari mu zo kan kuɗin da kowa ya ɗora wa ido. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi a cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a riƙa tarawa a asusunsa a kamfanin fansho. Da yake ka kama aiki kafin 2004, kana da haƙƙin shekarunka 13 na tsohon tsari, wanda sai gwamnati ta zuba shi a asusun kafin a lissafa maka rabonka, kuma a nan ne aka sha samun jinkiri, har wasu suka yi shekara guda ko fiye babu albashi babu fansho. Idan kuɗin suka fito, za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyan ka wata-wata, kuma gwargwadon yawan abin da ka ɗiba a dunƙule, gwargwadon ƙanƙantar na watan. Saboda haka kada ka sa ranar tashi, kada kuma ka ci bashin bulo da siminti, a kan kuɗin da ba su shigo ba. Watannin farko bayan ritaya na zirga-zirga ne da takardu tsakanin ma'aikatarka da kamfanin fansho, kuma a irin wannan zuwa da kai ya fi saƙo.

Wannan ne ya sa ba zan ce ka bar Mararaba ranar da aka yi maka walimar ban-kwana ba. Ka sabunta hayar shekara ɗaya, kuɗinka su fito, ɗanka na aji biyar ya zana WAEC da NECO a makarantar da ya saba. Amma ban ga dalilin da zai sa ka tsufa a can ba. Aikin Abuja ne ya cika Mararaba: tun da aka dawo da gwamnati daga Legas a Disambar 1991, sannan aka sayar da gidajen gwamnati aka yi ta rusau a tsakiyar shekarun 2000, ma'aikata suka riƙa gangarowa Karu da Mararaba da Masaka neman inda albashinsu zai iya ɗauka. Tsadar hayar da kake biya kuɗin kusanci da ofis ne, kuma daga ranar da ka miƙa makulli za ka ci gaba da biyan kuɗin kusanci da wurin da ba ka da sauran aiki a cikinsa. Albashi ma da ƙyar yake kai wata tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, balle fansho, wanda ba ya motsawa idan mai gida ya ƙara haya.

Duk da haka, maganar uwargida tana da nauyin da ban ga ka ba ta ba, inda ka ce mata ba sa son ƙauye ka wuce. Kai ne za ka yi ritaya, ita ba ta yi ba. Abin da kake kira taurin kai ginin shekara 20 ne: ɗaliban da ta yaye a Islamiyya, matan da suke karɓar atamfa bashi su biya ƙarshen wata, adashin da take ciki, maƙwabtan da ta yi suna da biki da zaman makoki tare da su. Kai idan ka koma ƙauye gida ka koma, ita kuwa za ta koma zama ne a tsakanin facaloli, da jikokinta da girmanta, a inda babu mai sayen turaren wutarta. Ka kuma tuna cewa a watannin da fansho bai fara ba, mai yiwuwa cinikin nan nata ne zai riƙe tukunyar gidan. Ka zauna da ita, ba a gaban yara ba, ka tambaye ta abubuwan da ba za ta iya rabuwa da su ba. Ina kyautata zaton za ta ambaci ajin da za ta koyar, da kasuwar kayanta, da gidan da take da ƙofarta ita kaɗai, kuma duk waɗannan ana samun su a wasu garuruwan.

Shawarar ɗanka ta Kano ba zan daɗe a kanta ba. Kano tana da Asibitin Malam Aminu Kano, tana da Kantin Kwari da Singa da Dawanau, amma kirarinta ma gargaɗi ne, ko da me ka zo an fi ka. Masu cin riba a Kwari tun suna yaran shago suka koyi wanda ake ba bashi da wanda ake ce wa kaya sun ƙare, kuma ma'aikacin da ya shigo da kuɗin sallama yana da shekara 60 yakan zama shi ne darasin da wasu suke koyo a kansa. Ba ka ambaci ɗan'uwa ko aboki ko ɗaya da kake da shi a can ba. Idan yaron yana da sana'ar da ya iya, ka ware masa abin da ko ya narke ba zai hana ka barci ba, ku rubuta a gaban shaidu ko bashi ne ko jari ko kyauta saboda 'yan'uwansa, sannan shi ya tafi Kanon.

Akwai wuri na huɗu da ba ka lissafa ba, alhali ɗiyarka tana can, kuma ta cikinsa kake wucewa duk lokacin da za ka gida. Ina nufin Zariya, musamman ɓangaren Samaru, kuma ita ce shawarata. Daga Mararaba zuwa Funtuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 300, ta hanyar Kaduna da ka san halinta. Daga Zariya kuwa ba ta kai kilomita 80 ba, wato za ka iya karyawa a gidanka, ka yi azahar a garinku, ka leƙa gona, ka dawo kafin la'asar sakaliya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, a kan wannan hanya ta Funtuwa ɗin, kuma can ake turo marasa lafiya da yawa daga yankinku idan ciwo ya fi ƙarfin asibitocin kusa, saboda haka fayil ɗinka da na Inna za su zauna wuri ɗaya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da irin masarar nan da ake kira SAMMAZ, tana bakin ƙofarka. Zariya garin malamai da ɗalibai ce tun kafin a kafa jami'ar a 1962, inda malama ba za ta rasa aji ba, mai atamfa kuma ba za ta rasa matan ma'aikata masu biya ƙarshen wata ba. Abin da na fi so maka shi ne cike take da irinka, tsofaffin ma'aikata da suka ajiye aiki suka zauna, waɗanda za ka iske a sahun gaba a masallaci da majalisar bayan la'asar, masu jin yaren fayil da na fartanya duka.

Ita ma tana da nata. Matsalar ruwan famfo ta daɗe a Zariya, haya a kusa da jami'a tana da tsada saboda ɗalibai, unguwannin gefen gari sun ga nasu rabon na masu garkuwa da mutane, kuma hanyar Funtuwa ta ratsa ƙasar Giwa wadda ita ma ta sha fama, shi ya sa na ce tafiyar rana. Idan ka ga ta yi maka nisa da Inna, cikin garin Funtuwa shi ne na biyu a wurina. Sai dai tazarar nan tana da wani amfani da ba a cika faɗa a fili ba, wato tana barin zumunci ya rayu tana kuma tace buƙatu, ta yadda mai matsalar gaske zai iso, mai neman na cefane kullum kuma zai yi lissafin kuɗin mota.

Ko Zariyar ce, kada ka saya kada ka gina a shekarar farko. Ka kama haya a unguwa irin su Hayin Dogo ko Zango ko Palladan ko Hanwa, ka ga damina ɗaya da bazara ɗaya, domin damina ce za ta nuna maka layin da ruwa yake ci, bazara kuma ta nuna maka rijiyar da take ƙafewa. Malamai suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kuma ba a sanin maƙwabci a zuwa ɗaya. Idan shekara ta zagayo hankalinku ya kwanta, sai ka nemi ƙaramin gida mai ɗaki uku kusa da masallaci da titi, wanda ka bincika takardunsa da kanka a hukumar filaye ta jiha. 'Ya'ya tashi suke yi, nan da shekara goma ku biyu ne za ku riƙa share shi, kuma gida a garin jami'a idan buƙata ta taso ana samun mai haya ko mai saye.

Saura Inna, wadda na san ita ce ainihin abin da yake hana ka barci, kuma haƙƙinta ya fi na kowa a wannan lissafi. Kada ka tilasta mata tashi. Tsohuwar da ta shekara 60 a ɗaki ɗaya, ta san inda tulunta yake a cikin duhu, kabarin mijinta yana bayan gari, idan aka tumɓuke ta aka kai ta gidan tayil takan rasa ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ka kai mata sauƙi inda take: a gyara rufin ɗakinta, a yi mata banɗaki a kusa don kada ta riƙa ratsa tsakar gida cikin ruwa, a sa ƙaramar sola mai ɗaukar fitila da fanka da cajin waya, a samu jika ko 'yar'uwa da za ta riƙa kwana da ita, kai kuma ka ɗauki nauyin yarinyar. Duk wannan bai kai kuɗin katangar gidan da kake son ginawa ba. Sannan ka tsayar da rana ɗaya a mako wadda ta san ɗanta yana tafe. Daga Mararaba sau ɗaya ko biyu take ganin ka a shekara, daga Zariya za ta gan ka kusan sau 50. Na kuma sha ganin tsohuwar da ta ce ba ita ba birni, amma ta yarda ta zo ganin likita na kwana uku, kwana ukun ya zama mako biyu saboda jikoki. Ka tanadi ɗakinta a gidan hayar, amma kada ka ce mata nata ne.

Gidan gado kuma, ban da gyaran ɗakin Inna, kada ka ɗora bulo ko ɗaya a ciki, kada kuma ka zuba taki a gonar da ba a san ta wane ba, sai an zauna an raba a gaban malami ko alƙali, an rubuta, mata sun karɓi nasu. Ƙaninka ya daɗe yana noma gonakin yana ciyar da gidan, kuma ko bai faɗa ba, dawowarka da zancen noma za ta sa ya fara tunanin inda zai tsaya. Fulotinka ka nema masa takarda daga dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma, ka kafa masa duwatsu a kusurwa huɗu, ka bar shi. Fili ba ya ruɓewa, kuma idan Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa, ɗaki biyu da zaure sun ishe ka kwanan damina.

Kafin ka ɗauki maganata ko ka watsar da ita, ka gwada, tunda gani ya kori ji. Ka ɗauki hutun shekarar da ya rage maka a lokacin da ba Sallah ba, ka je ƙauye ka yi mako biyu cur, ka sayi maganinka a inda za ka riƙa saya, ka rubuta abin da ka kashe da abin da aka roƙe ka kowace rana. Daga nan ku haɗu da uwargida a Zariya ku yi kwana huɗu ko biyar, ka je Shika ka yanki kati ka ga layin da idonka, ka yi sallah a masallatan unguwannin da na ambata. Ku yi istihara, kai da ita kowa da kansa, raka'a biyu da addu'ar da aka koyar, ba tare da zaman jiran mafarki ba. Idan kun fita duba gidaje, ka tsaya a waje da dillali, ka bar uwargida ta shiga maƙwabta ita kaɗai ta gaisa da matan gidan, ta tambaye su zancen ruwa da ɓarayi da halin mai gidan hayar, domin abin da za su faɗa mata a tsakar gida cikin minti goma, kai ba za ka ji shi a zaure ba ko ka shekara. Idan ka isa gida, ka gaishe mini da Inna.